Jar Fitila a Tagar Hasiya

Lokacin zafi ne, tsakanin ƙaramar Salla da babba, irin zafin Makka da ke bin mutum har cikin inuwa. Duwatsun da suka kewaye garin su sha rana tun safe, da yamma su dawo mana da ita. Ruwan famfo sai an tara shi a bokiti ya huce kafin a yi alwala da shi. Shekarar nan kuwa kowa a tsorace yake. Duk inda mata biyu suka haɗu, maganar ɗaya ce: takardu, kame, an kwashe mutanen gidan wance, wane ya fita sayen burodi bai dawo ba. Ni ba kamun kansa nake tsoro ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne a kama ɗaya a bar ɗaya, tsakanina da 'yata Hasiya.

Hasiya ce autata, shekararta sha biyar a lokacin. Tana da bakwai sanƙarau ya kama ta a Funtuwa. Ya bar mana ita da rai, amma ya tafi da jinta. Tana magana, sai dai muryar ba ta san inda za ta tsaya ba, wani lokaci ƙasa-ƙasa, wani lokaci kamar mai kiran wani a gona. Bakin mutum take kallo ta gane abin da yake faɗa. Abin da ya gagara kuma mu rubuta, domin 'yan haruffan da na samo a ajin yaƙi da jahilci, bayan na haifi 'ya'ya huɗu, duk na juye mata su.

Saboda kunnen nan muka zo. Wani mai shirya wa mutane Umara, mutum mai yawan salati da taushin baki, ya ce ya san likita a Jidda da ke sa wa kurame wata na'ura a bayan kunne su dawo suna ji. Na sayar da gonar da mahaifinta ya bari, muka biyo shi.

A unguwar Aziziyya ta Makka ya sauke mu, a wani gidan alhazai, ya karɓi fasfo ɗinmu wai zai kai asibiti a buɗe wa yarinya fayil. Muka yi Umararmu, muka zauna jira. Kwana uku yana ɗaukar waya yana cewa, "Hajiya, a ƙara haƙuri, likitan ne ya yi tafiya." A na huɗu wayar ta daina shiga. Ranar da ayarinmu ya tashi, muna tsaye a bakin titi da jakunkuna biyu muna kallon motar har ta sha kwana. Mai kula da gidan ya bar mu muka ƙara kwana biyu, sannan ya nuna mana ƙofa da haɓarsa. Bai yi mana tsawa ba. Ya dai saba gani.

Hasiya ta fi ni shan wahalar kwanakin nan. A gida kowace mace bakinta a buɗe yake, tana karanta shi. Nan kuwa yawancin mata fuska a rufe, sai idanu. Ta ce da ni, "Mama, garin nan duk sun zama kurame irina."

A wajen Harami muka haɗu da Iya Ramma, wata tsohuwa 'yar Maraɗi mai sayar da hatsin tattabaru. Ta gan ni ina buɗe baki sosai ina yi wa Hasiya magana, sai ta ce, "Ke baiwar Allah, mi ɗiyag ga ta yi miki kike mata baki haka?"

Na ce, "Iya, ba ta ji ne."

Ta dube mu, ta dubi jakunkunan, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ƙulle buhun hatsinta ta ce, "Ku taho. In kun tsaya nan rana ta gasa ku, tattabaru ma ba su ci."

Unguwar Zahir ta kai mu, wani tsohon bene mai hawa huɗu da aka yayyanka ɗakunansa da katako, cike da mata irinmu, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, babu mai takarda ko ɗaya. Mu aka ba ɗan ɗakin da ke can saman soro, rufin kwano, taga ɗaya. Iya Ramma a ƙasa take, dab da ƙofar shiga. Da zafi ya tsananta gwiwoyinta suka hana ta fita talla, sai ta zama ita ce idon gidan.

Gidan yana da wata al'ada da na tarar. Akwai bututun ƙarfe na ruwa da ya taso daga ƙasa har tankin sama, ya ratsa kowane hawa. In Iya ta hango motar askarawa masu duba takardu ta shigo lungu, sai ta doki bututun da ludayi sau uku da ƙarfi. Kowa ya ji, ya bar abin da yake yi, ya hau soro, ya tsallaka gajeriyar katanga zuwa soron maƙwabta, ya ɓuya bayan tankunansu. In an tafi, ta doka sau biyu a hankali, a dawo. Shekaru suna haka, kuma yana yi musu aiki. Kowa yana jin bututun nan, ban da mutum ɗaya.

Ni kuwa dole in fita. Iya ta samo mini aikin gida a unguwar Shisha, tun bayan asuba sai la'asar nake dawowa. Za a ce me ya hana mu miƙa kanmu a mayar da mu gida? Na sha tambayar kaina. Kunya ce, da kuma buri. Yaya zan koma Funtuwa babu gona, babu ji? Kullum cewa nake wata mai zuwa zan samu wanda ya san likitan gaske.

Hasiya ce ta samo dabarar farko. Ta gane in ta jingina tafin ƙafarta da bututun, tana jin girgizarsa in an doka. Sai ta koma wuni a zaune a gindinsa, ƙafa a jikin ƙarfe, tana saƙa hula. Ba ta gaya mini cewa daga hantsi ƙarfen nan zafi yake ɗauka kamar murfin tukunya ba. Wata rana na ga tana ɗingishi, na kama ƙafar na duba, duk ta yi bororo.

Na ce, "Hasiya, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "In na faɗa za ki daina zuwa aiki. In kin daina, me za mu ci?"

Na shafa mata man zaitun, na juya baya don kada ta karanta fuskata.

Gidan da nake aiki a Shisha na wasu Hausawa ne haifaffun Makka, 'yan ƙasa, da takardunsu da komai. Tsohuwar gidan, Sitti Amina, kakanta ne ya taso daga Kano a ƙafa, ya ratso Sudan, ya yi Hajji ya zauna. Hausarta tsohuwa ce mai daɗi, irin ta kakanninmu. 'Yarta Nawal kuwa malamar makarantar 'yan mata ce, ta haura talatin, kowa Abla yake ce mata, wato malama. Hausarta rabi ce, sauran Larabci. Ni kuma Khala take ce mini, wato inna.

Wata safiya ina goge teburin ɗakinta, sai na ga wani abu yana ƙyafta mini ido. Ɗan allo ne shuɗi, bai kai tafin hannu ba, da waya ta haɗa shi da kwamfuta. Kusa da shi wani farin faranti mai huji-huji kamar saƙar zuma, an soka masa ɗan ƙwan fitila ja, bai fi ƙwayar wake ba. Ya kama, ya mutu. Ya kama, ya mutu. Babu mai taɓa shi. Na tsaya da tsumma a hannu har ban san ta shigo ba.

Ta ce, "Khala, ya burge ki? Darasin farko ne da zan koya wa banat, 'yan matan ajina. Abu ne ƙarami."

Sitti Amina ta jefo daga falo, "Ƙyale ta, 'yar nan. Mun kawo mata maza uku ta ƙi, ta auri wayoyi. Ga jikan da ta haifa mini nan yana ƙifta ido."

"Ummi, khalas, ya isa!" in ji Abla, tana dariya.

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Abla, wa ke gaya masa ya kama ya mutu?"

"Allon. Ni na rubuta masa a kwamfuta, shi kuma ya haddace."

"In aka ce masa ya yi sauri, zai yi?"

"Zai yi."

"In mutum yana ƙasan bene, shi yana sama, zai iya gaya masa?"

Ta ajiye kofin shayinta ta dube ni sosai. Ban taɓa gaya musu ina da 'ya a garin ba, don an gargaɗe ni kada in yawaita magana a gidan aiki. Ranar na faɗa duka, har da ƙafar. Sitti Amina ta taso da sandarta ta tsaya a bakin ƙofa tana ji. Da na gama ta ce, "La haula. Wata nawa kina shara a gidan nan da wannan a cikinki?"

Abla ta jawo kujera ta ce, "Zauna, Khala. Ni ba zan iya zuwa gidanku ba, idon unguwa zai bi ni, in jawo muku abin da kuke gudu. Ke za ki haɗa shi da hannunki. Yalla, mu fara."

Kwana biyar muna yi, kullum in na gama wanke-wanke. Ta zare komai ta zube a gabana. Ta nuna mini ƙwan yana da ƙafa biyu na siririyar waya, ɗaya doguwa ɗaya gajeriya. Ta ce doguwar ta wajen da wuta ke fitowa take, gajeriyar ta wajen da take komawa. Ta nuna mini wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zoben launi-launi, ta ce shi ke rage wa wutar ƙarfi kafin ta kai ga ƙwan. A rana ta biyu na manta da shi. Ƙwan ya yi wani haske sau ɗaya, ya yi ɗan ƙauri, shi ke nan.

Na ce, "Innalillahi! Abla, na kashe miki shi."

Ta ce, "Ma'alesh, ba komai, Khala. Kowa sai ya kashe ɗaya. Ni uku na kashe." Ta buɗe wata 'yar leda, ga su nan birjik kamar tsakiyar ado.

Sannan ta juyo mini da kwamfutar. Rubutun Turanci ne, ban san ma'anarsa ba, amma haruffan da lambobin na san su, kamar ka ga 'yan garinku a baƙuwar kasuwa. Ta sa yatsa ta bi layi huɗu tana fassara mini: kunna, jira, kashe, jira. A gaban kowane jira akwai dubu ɗaya. Ta ce dubun nan daƙiƙa guda ke nan a wurin allon.

"Goge sifili ɗaya, Khala. Duka biyun."

Na goge. Ta nuna mini inda zan danna, na danna. Allon ya yi ɗan shiru, sai ƙwan ya kama ƙyaftawa da sauri kamar zuciyar tsuntsu. Ni da na shekara arba'in ban taɓa sa wani abu ya bi umarnina ba in ba tsintsiya ba, ga shi na goge sifili wuta ta canza tafiya. Na ce, "Ikon Allah." Sitti Amina ta ce, "To, an samu ta biyu. Gidan nan ya lalace."

Sauran rubutun Abla ce ta yi, amma ni na faɗi yadda nake so. Na ce a bar shi yana ƙyaftawa a hankali kullum, don Hasiya ta san yana da rai. A sa maɓalli ja a ɗakin Iya Ramma, in ta danna sau ɗaya ya koma sauri. Abla ta ce, "Ya yi saurin na minti goma, sannan ya dawo da kansa?"

Na ce, "A'a. In askarawan ba su tafi ba fa? Kada ya lafa sai an ce masa ya lafa."

Ta ɗan yi jim, ta ce, "Tayyib, shi ke nan." Ta ƙara baƙin maɓalli kusa da jan, na cewa an tafi. Na sha tuna wannan jim ɗin nata daga baya.

Ranar Alhamis ta haɗa mini komai a kwalin dabino: allon, farantin, cajar waya da za ta ba shi wuta, maɓallan nan biyu, da doguwar waya a naɗe. Su Abla kuma suka tafi Ɗa'if shan iska na kwana uku. Ƙwan na zare na ƙulle a gefen mayafina don kada ya fashe a mota. Da na isa gida na kwance, sai na tarar ƙafafun sun lanƙwashe. Na miƙe su da haƙori. To, ni mai ɗinki ce tun ina budurwa, idona ba ya son ganin abu ɗaya ya fi ɗaya. Ban san lokacin da na ɗauki almakashi na daidaita su ba. Sai da guntun wayar ya faɗi a tabarma na tuna abin da aka fara koya mini.

Na soka shi a farantin, na sa caja. Duhu. Na duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya, duk suna inda Abla ta zana mini a takarda. Duhu. Tsoron ƙaurin nan na rannan ya hana ni juya shi, don a zatona in aka sa shi a baibai ƙonewa zai yi, ga shi ban taho da wani ba. Kwana biyu abin yana ajiye a taga kamar gawa. Iya Ramma ta riga ta sa an ratsa mata wayar ta bayan bututu, a ɓoye, don kada wakilin mai gidan ya gani. Ta aiko a tambaye ni, "Ina hwitilar taku ta Turawa? Ko ita ma ba ta da takarda?"

A rana ta uku Hasiya ta ce in ba ta ta gani. Na rubuta mata abin da na yi. Ta ɗaga ƙwan a hasken taga tana juya shi, ta daɗe. Allah da ya karɓi jinta ya ƙara mata a ido. Ta ce, "Mama, cikinsa ba ɗaya ba ne. Wannan ɓangaren kamar tuta, wannan siriri. Kuma gefen nan an shafe shi, ba zagaye ba ne." Ta ɗauki takardar Abla ta duba zanen, sai ga shi ita ma ta zana gefe ɗaya a shafe, ta wajen gajeriyar ƙafa. Ni ban lura ba. Kafin in hana ta, ta zare ta juya ta soka.

Ya kama. Ya mutu. Ya kama.

Hasiya ta yi wata dariya mai ƙarfi da ban ji irinta ba tun muna gida, har matar hawa na huɗu ta leƙo. Muka gwada. Na sauka na ce Iya ta danna ja, na hau na tarar da shi yana sauri. Ta danna baƙi, ya lafa. Muka ajiye shi a lungun tagar inda rana ba ta kaiwa, muka tsallaka soron maƙwabta muka duba, daga bayan tanki na biyu ana hango shi sarai.

A nan na yi abin da har yau yake ci mini rai. Na kama fuskarta da hannu biyu don ta ga bakina da kyau, na ce, "In ya yi sauri, ki zo nan ki zauna. Kada ki fito sai ya lafa. Ko wa ya yafito ki, kada ki fito. Ba ki san wa aka sa ya yafito ki ba. Kin ji?"

Ta ce, "Ban ji ba, amma na gani." Tana son irin wannan tsokanar.

"Rantse mini."

Ta rantse.

Mako uku muka samu na sauƙi. Ƙafarta ta warke. Tana iya yin wanki, ta yi girki, ta kwanta, in dai tana ɗaga ido lokaci-lokaci. Ta ce fitilar ta zama abokiyar hirarta. Sau ɗaya Iya ta danna ja, ashe motar gas ce, aka yi dariya aka dawo. Ni ma na fara cin abinci yana zama a cikina.

Ranar da abin ya faru Talata ce, saura kaɗan alhazai su fara cika gari. Na sauka daga mota bayan la'asar, tun daga bakin lungu na ga ba daidai ba. Babu yara a waje. Ƙofar gidanmu a buɗe, takalma a warwatse a matakala, tukunyar wani a kife. Ɗakin Iya Ramma an sa masa sabon kwaɗo. Wata 'yar Zindar mai suna Hajo tana saukowa da ƙunshin kaya a ka, na tare ta.

"Hajo, me ya faru?"

"Tun da hantsi suka zo, ta baya suka ɓullo. Iya ta doki ƙarfe, maimakon ta shige bayan gida ta ɓuya kamar yadda ta saba, sai ta koma ɗaki wai za ta taɓa wani abu. Nan suka same ta. Sun tafi da ita da mutum tara."

"Hasiya fa?"

"Ɗiyarki ta tsallaka tare da mu. Da suka tafi muka dawo, na yafito ta, na ja hannunta ma, ta fizge. Na ce ko tsoro ne, in ya sake ta za ta taho. Ni kaina ba a hayyacina nake ba, Maman Hasiya. Ba ta dawo ba?"

Ban san yadda na hau hawa huɗun nan ba. Ɗakinmu a buɗe, hular da take saƙa a ƙasa da allura a jiki. A lungun taga jan ƙwan yana ta sauri, yana ta sauri. Baƙin maɓallin da zai ce masa ya isa yana can ƙasa bayan kwaɗo, mai danna shi kuma tana cikin mota ko wani ɗaki da ban sani ba. Babu wanda ya san yadda fitilar ke aiki a gidan sai mu uku.

Na tsallaka katangar. Simintin soron ya ƙona ni ta cikin silifa. Tana nan bayan tanki na biyu, daidai inda na nuna mata, a tsugune. Inuwar tankin ta daɗe da barin wajen, ta zagaya ɗaya gefen, amma daga can ba a hango taga, don haka ba ta bi ta ba. Ta fito babu takalmi. Leɓɓanta sun tsattsage sun yi fari, fuskarta ta yi wani irin ja-baƙi, kuma babu gumi a jikinta ko ɗigo. Tun hantsi har bayan la'asar.

Na durƙusa a gabanta. Idanunta suka daɗe kafin su tsaya a kaina. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta nuna tagar, ta ce da wata murya kamar ta tsohuwa, "Mama, ba ta lafa ba."

Na ce, "Ni ce. Taso."

"Kin ce ko wa."

Sai da na koma na zare cajar na mayar, ƙwan ya dawo tafiyarsa ta hankali, na dawo na nuna mata, sannan ta yarda ta saki jikinta. Na goya ta kamar jaririya na tsallako da ita. Hajo ta ajiye ƙunshinta ta taimake ni, Allah ya saka mata. Muka jiƙa zannuwa da ruwan bokiti muka lulluɓe ta, muna ɗiga mata ruwa da gishiri da sukari a cokali. Asibiti ba wurin zuwanmu ba ne, babu takarda. Ta yi amai sau biyu. Wajen magariba gumi ya fara tsattsafo mata a goshi, Hajo ta ce, "Alhamdu lillahi, ta dawo." Ta ɗauki kayanta ta tafi, ban sake ganinta ba.

Na zauna ina yi mata fifita ina kallon ƙwan. Bai yi laifi ba. Abin da na ce ya yi, shi ya yi. Ita ma abin da na ce ta yi, shi ta yi. Iya Ramma kuma, da gwiwoyinta marasa lafiya, ta tsaya danna maɓalli saboda 'yar da ba ita ta haifa ba. Gobe in na fita aiki, babu mai zama a bakin ƙofa. Na gane likitan nan da nake ta jira, ko yana nan, ba ta wannan hanyar za mu kai gare shi ba. Na ɗauki fensir na rubuta a bayan takardar Abla: Gida za mu. Na nuna wa Hasiya. Ta karanta, ta ce, "Tare?" Na ce tare.

Washegari bayan na yi sallar asuba na zare cajar, na naɗe abin da hannuna ya kai na wayar, na mayar da allon da farantin cikin kwalin dabino. Na naɗe wa Hasiya ƙafafu da tsumma mai taushi, na sa mata silifana, muka sauka a hankali. A ƙofar Iya Ramma na tsaya na yi mata addu'a, na dafa kwaɗon. Muka shiga mota zuwa Shisha. Abla ta buɗe ƙofa, ta ga Hasiya karo na farko, ta ga leɓɓanta, ta rufe baki da hannu. Na ba ta labari a tsaye. Ta ce, "Khala, da na nace a kan minti goman nan." Na ce, "Ni na hana ki." Na miƙa mata kwalin, ta ƙi karɓa, ta juya ta fuskanci Hasiya sosai don ta ga bakinta, ta ce, "Naki ne. Ke kika gyara shi." Sitti Amina ta sa aka cika mana jarka da zamzam, ba ta yi tsokana ko ɗaya ba.

Daga nan na ce wa mai mota ya kai mu inda marasa takarda ke miƙa kansu a mayar da su ƙasarsu. Ya dube ni ta madubi, ya ga da gaske nake. Kafin mu sauka na kama gefen mayafina da gefen na Hasiya na ƙulle su wuri ɗaya, ƙulli biyu, na ja na ga ya kama. Ta rungume kwalin a ƙirjinta, muka shiga layi.